Kurmin Asante Da Tafkin Bosomtwe: Mu Ma 'Yan Zango Akwai Haƙƙi A Wuyanmu

Kwanakin baya ina cikin gabatar da shirinmu na safe a gidan rediyo, sai na jefa wa masu sauraro wata 'yar tambaya, na ce yaushe rabonku da ganin ungulu a kan kwanon mahauta? Nan da nan waya ta ɗauki ruri. Wani dattijo daga Aboabo ya ce shi kam ya manta, alhali lokacin da yake yaro sai an sa sanda ake korarsu daga wajen fawa. Bayansa sai wani matashi ya bugo daga Asawase, ya ce da ni, "Malam, don Allah ka bar mu da zancen tsuntsaye, mu da muke neman abin sawa a baki. Kurmi na Tonawa ne da gwamnati, sai kuma Turawa masu zuwa da kyamara." Ban ji haushinsa ba, domin abin da ya faɗa shi ne a zuciyar da yawa daga cikinmu. Amma ina ganin kuskure ne babba, shi ya sa na nemi wannan fili domin in ba shi amsa a tsanake.

Da farko dai mu tambayi kanmu, me ya kawo kakanninmu ƙasar nan? Goro ne. Shekaru aru-aru fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da ayarin jakuna, su yi watanni a hanya kafin su iso Salaga, su sauke kanwa da tufafi su ɗauki goron Asante, abin da ake kira fataucin Gwanja. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai 'yan kasuwarmu suka riƙa gangarowa kudu, har aka wayi gari Zangon Kumasi ya kafu. Ko marigayi Alhassan Ɗantata da ake ba da labarin arzikinsa, goron ƙasar nan na cikin abin da ya ɗaga shi. To shi goro ɗan kurmi ne, yana son ruwan sama mai yawa da ƙasa mai laima, yana ƙarami kuma sai da inuwar manyan itatuwa. Ashe ke nan da babu kurmi, da babu Zango.

Mu bar tarihi mu leƙa madafa. Kokon da muke alfahari da shi, wanda duk faɗin Gana da sunanmu ake kiransa, me ke ba shi ƙamshi? Kimba da masoro da citta mai 'ya'ya na cikin kayan da iyayenmu mata ke dakawa, kuma dukkansu tsirran kurmi ne. Masoro ma sai ya sami itacen da zai naɗe ya hau. Faffaɗan ganyen nan da ake zuba mana waakye a ciki, a ƙarƙashin inuwar kurmi yake fitowa, haka ma ganyen fita da ake naɗe huhun goro. Duk mai sayar da kayan yaji a Kejetia ko Alabar, da mai koko, da mai tsire, da kurmi yake ci ko bai taɓa taka shi ba.

Abin takaici shi ne da yawanmu an haife mu a nan, mun tsufa a nan, amma ba mu san irin baiwar da Allah ya kewaye garin nan da ita ba. Kilomita 30 kacal kudu maso gabas da Kumasi akwai tafkin Bosomtwe. Masana sun ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya haƙa ramin da ruwa ya cika. Faɗinsa ya kai kilomita 8, zurfinsa ya kusa mita 80, kuma a cikinsa akwai nau'in kifin da ba a samunsa a wani wuri a duniya. Masuntan ƙauyukan da ke kewaye da shi, irin su Abono, bisa al'adarsu kan wani falankin katako da suke kira padua suke hawa, su riƙa tuƙi da hannu. A 2016 hukumar UNESCO ta sa tafkin cikin jerin wuraren da duniya ta amince a kiyaye halittunsu. Abin lura a nan shi ne tafkin ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, don haka maganin feshin gona da leda da duk ƙazantar da ruwan sama ya wanko daga tuddai, in sun shiga sun zauna ke nan. Mu kuma da muke cika motoci mu tafi can shan iska ranar hutu, mu tambayi kanmu abin da muke barowa a bakin ruwan.

A arewa maso yammacin birni akwai dajin Owabi, wanda ya kewaye madatsar ruwan da aka gina a 1928. Tun 1988 yake cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta ce a kare, kuma shi kaɗai ne a Gana da ba a bakin teku yake ba. An ƙirga tsuntsaye fiye da iri 150 a wurin, ga birai da gada da mazo, ga furen bado shimfiɗe a kan ruwa. Wannan madatsa da ta Barekese su ne ke shayar da Kumasi, wato ruwan famfon da muke alwala da shi daga can yake. Sai kuma dajin Bobiri kusa da Kubease a kan hanyar Akra, inda ake da malam-buɗe-littafi wajen iri 400. Ko nan bayan Adum, a gidan namun daji da aka buɗe a 1957, wa bai taɓa ganin jemagun da ke rufe sama da magariba ba? Muna tsakinsu saboda kashi da ƙara, amma su ne ke cin 'ya'yan itatuwa su tafi su zubar da irin a wuri mai nisa, har da irin loko, wanda Tonawa ke kira odum, itacen da masassaƙanmu ke nema ido rufe.

To yanzu ina aka kwana? Ana ƙiyasta cewa a farkon ƙarni na 20 kurmin Gana ya kai hekta miliyan 8, yau ko kashi ɗaya cikin huɗu bai rage ba. A watan Fabrairun 2025 ministan filaye da albarkatun ƙasa, Emmanuel Armah-Kofi Buah, ya shaida wa majalisa cewa gandun daji 44 cikin 288 na gwamnati masu haƙar zinariya ta galamsey sun afka musu. Wanda ya ga kogin Offin a wuraren da ake wankin zinariya ya san launinsa ya koma na kunun kanwa. Inda aka sare kurmi kuma, ciyawar nan baƙuwa da ta zo daga nahiyar Amurka, wadda ake kira Acheampong da sunan shugaban sojan da ya yi mulki daga 1972 zuwa 1978, ita ke mamaye wurin ta danne tsirran gida da furanninsu.

Tsuntsaye ma ba su tsira ba. Aku mai launin toka da jan bindi, wanda a da ake gani garke-garke a kurmin ƙasar nan, wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna Gana ta yi asarar kashi 90 zuwa 99 cikin 100 nasa tun daga 1992, saboda kamawa ana sayarwa da kuma sare manyan itatuwan da yake sheƙa a kogonsu. A wannan shekarar ce ƙasashen duniya suka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ita kuwa ungulun da muka fara magana a kanta, tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

A nan ne zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba, amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Akwai hannunmu a cikin wannan ɓarna. Ka zaga shimfiɗun masu magani a kasuwanninmu, za ka ga kan ungulu da na mujiya, da busasshiyar hawainiya, da ɓawon ɗankunya, da fatun dabbobin da mai sayarwar ma bai taɓa ganinsu da rai ba. Da yawa daga masu wannan sana'a 'yan'uwanmu ne, da Hausa ake cinikin. Wani zai biya kuɗi mai yawa a kan kan ungulu wai don farin jini ko cin zaɓe, shi kuma mai kawowa sai ya zuba guba a mushe ya kashe goma a tashi ɗaya. Cikin masu gawayi da dillalan katako akwai namu, cikin samarin da ke kwarara ramukan galamsey ma akwai namu. Rafin Subin da na Aboabo da suka koma kwata, ba daga sama ledar ta faɗo ba. Ban ce mu kaɗai ne ba, kasuwar naman daji ta Atwemonom tana nan, manyan masu motocin haƙa kuma ba a Zango suke kwana ba. Amma laifin wani ba ya wanke namu.

Wani zai ce to in ungulu ta ƙare sai me? Mu dubi abin da ya sami Indiya. A shekarun 1990 wani maganin ciwo da ake yi wa shanu, mai suna diclofenac, ya kashe musu fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu, domin duk wadda ta ci mushen saniyar da aka yi wa maganin sai ƙodarta ta lalace. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan bola suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da aka fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 500,000 ne suka rasu tsakanin 2000 zuwa 2005 a sanadiyyar haka. Ungulu ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta karɓar albashi, kuma unguwannin da suka fi buƙatarta su ne irin namu, inda mahauta da bola suke maƙwabtaka da gidajen kwana. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Na dawo ga ɗan'uwana na Asawase. Gaskiyarka, yunwa ba ta jiran huɗuba, kuma ba adalci ba ne a kama yaro da gada guda a bar mai motar haƙa da ya cinye daji sukutum. Wannan za mu ci gaba da faɗa wa hukuma da babbar murya. Sai dai ka tuna, in ruwan famfo ya ƙi zuwa mai kuɗi rijiyar burtsatse zai haƙa a gidansa, kai ne za ka bi layi da jarka. In kimba da masoro suka yi tsada, jarin mahaifiyarka mai koko ne zai karye. Talaka shi ne na farkon shan wuya in daji ya mutu, don haka shi ya fi kowa dalilin tsayawa.

Abin da nake roƙo ba ya fi ƙarfinmu. Na ɗaya, Sarkin Zango da sarakunan ƙabilu su kira shugabannin masu maganin gargajiya a zauna, a yi yarjejeniya a daina saye da sayar da sassan ungulu da ɗankunya da aku. Maganin saiwa da ganye da aka gada kaka da kakanni ba wanda ya hana. Na biyu, limamanmu su ware ko da huɗuba ɗaya a shekara a kan haƙƙin dabbobi da itatuwa, tunda tun muna makarantar allo aka karantar da mu labarin matar da ta halaka saboda kyanwa, da ladan wanda ya dasa itace wani mai rai ya ci. Na uku, a sanar da jama'a doka. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara an hana farauta, saboda lokacin ne dabbobi ke da ciki ko goyo, in ban da gyazbi, wato akrantie, shi ma sai da lasisi. A 2023 kuma majalisa ta zartar da sabuwar dokar kula da namun daji. Wanda ya sayi naman gada a waɗannan watanni ya san ya taimaka wa mai karya doka. Na huɗu, makarantun Islamiyya da na boko da ke unguwanninmu su riƙa haɗa kuɗin mota su kai yara Owabi ko Bobiri, domin yaron da ya ga biri a kan reshe da idonsa ba zai girma yana cewa kurmi na wasu ne ba. Na biyar, matasan da ke cika dandalin shan shayi su ɗauki rafi guda su ce sun hana zubar da shara a cikinsa, in kuma an dasa itace ranar dashe ta ƙasa, a sami wanda zai riƙa ba shi ruwa bayan masu ɗaukar hoto sun watse.

Mun fi shekara ɗari a garin nan, a nan muka binne iyayenmu, a nan kuma muke yanke cibiyar jikokinmu. Baƙo ne ke cewa ba ruwansa da rufin gida in yana yoyo, mu kuwa mun daɗe da wuce baƙunta. Ni dai a nawa ɓangaren na yi alkawarin buɗe layin waya a kan wannan batu duk wata, kuma ina gayyatar masu magani da mahauta da mafarauta su zo mu yi ta a fili. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya bar wa 'ya'yanmu abin da za su gani.