Samari, Wa Ya Biyo Ka?

Ya kai mai karatu, kafin in ce komai bari in nemi afuwa. Ni Bagware ne ɗan Apo, a cikin Abuja, kuma a bakin abokan wasa na tsinci Hausa kafin in zo jami'a in karance ta. Saboda haka in ka ci karo da gwaranci a wannan rubutu, ka san inda ya samo asali.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani gudu na jama'a, mai tsawon kilomita 5, da na shiga a tsakiyar birnin Abuja lokacin hutun da ya wuce. Irin gudun nan ne da ake rufe titi da sassafe, dubban mutane su fito, yaro da babba, mace da namiji, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya yi tafiya. Ra'ayina shi ne wannan abu alheri ne, kuma bai kamata mu talakawan gefen gari mu bar wa masu hannu da shuni shi ba.

Wata guda na yi ina shiri. Ranar farko da na fito da asuba ina sassarfa a bakin titin unguwarmu, sai Malam mai shayi ya ajiye buta ya ƙwala mini kira: "Samari, lafiya? Wa ya biyo ka?" Na ce masa motsa jiki nake yi. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "To, Allah ya kyauta." Masu shan shayi suka fashe da dariya.

Ban ga laifinsa ba. A wajen mutanenmu, Hausawa da Gwarawa duka, babba ba ya gudu haka siddan. In an ga magidanci ya zura da gudu, to ko dai ya yi ɓarna, ko wuta ta tashi, ko kare ya biyo shi. Natsuwa da tafiya sannu su ne alamar kamala. Amma fa wannan al'ada ta samo tushe ne a zamanin da rayuwa kanta motsa jiki ce. Kakata takan ba ni labarin yadda matan Gbagyi ke ɗora kaya a kafaɗa, kamar yadda al'adarmu take, su taka da ƙafa zuwa gona da kasuwa, su dawo su yi daka. Bahaushe kuma yana da noma da fatauci, ga dambe da kokawa da langa bayan an gama girbi. Wanda ya wuni yana huɗa ba ya bukatar a ce masa ya yi gudu.

Yau fa? An kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati ta taso daga Legas a watan Disambar 1991, aka shimfiɗa manyan tituna masu faɗi waɗanda aka yi domin mota. Gonaki suka zama gidaje. Mu jikokin waɗancan mata, daga ƙofar gida zuwa bakin kasuwa sai mun tari keke mai ƙafa uku. Mahaifina direba ne, ya fi shekara ashirin yana zaune a kujerar mota daga safe har dare. Bara likita ya ce masa yana da hawan jini, ya rubuta magani, ya kuma ce ya riƙa tafiya da ƙafa kullum. Baba ya karɓi maganin, tafiyar kuwa ya ce shi ba yaro ba ne da za a gan shi yana yawo ba dalili. Gaskiyar magana, domin shi na yi rajistar gudun nan, ko zai gani ya yi sha'awa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Wato rabin awa a rana, kwana biyar. Hawan jini da ciwon sukari da muke ce wa cutar masu kuɗi, yanzu suna kwantar da direba da tela da mai shago. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin ko sisi ba a biya.

Ranar gudun kuwa, gani ya kori ji. Titin da in kana son tsallakawa sai ka riƙe ranka a hannu, ran nan babu mota ko ɗaya, sai ƙarar takalma da numfashin mutane. A karo na farko a rayuwata na tsaya a tsakiyar kwalta na ɗaga kai na kalli Dutsen Aso ba tare da wani ya danna mini oda ba. Wajen kilomita na huɗu numfashi ya ƙare mini, na dafa gwiwa. Sai wata dattijuwa, sa'ar mahaifiyata, ta zo wucewa da sassarfarta, ta ce, "Tashi ɗana, sannu ba ta hana zuwa." Tare muka ƙarasa. Ban san sunanta ba, ban san garinsu ba. A garin da maƙwabci ba ya sanin maƙwabcinsa saboda katanga, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai da na duba jama'ar da ke wurin, na lura da wani abu da ya tsaya mini a rai. Yawancinsu ma'aikatan ofis ne da 'yan boko, sun zo da motocinsu da takalma masu tsada. Ban ga yaran garejin kanikawa na Apo ba. Ban ga 'yan ga-ruwa da ke tura kurar jarkoki a kan tudu kullum ba, alhali in ana maganar juriya, su ne ya kamata su ba mu tazara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rajista ta intanet aka yi, sanarwa da Turanci, ga kuɗin shiga, ga kuɗin motar zuwa cikin gari tun kafin gari ya waye. Yaron da ke neman na abincin rana ba zai ajiye sifana ya je ya biya kuɗi domin ya yi gumi ba.

Wannan asara ce har ga ƙasa. Tun da aka fara gudun famfalaƙi na Legas a 2016, mai tsawon kilomita 42.195, galibi 'yan Kenya da Habasha ne ke lashe manyan kyaututtuka. A cikin 'yan gida kuwa, yaran Jihar Filato ne suka fi yin fice. Abuja ma ta yi nata na ƙasa da ƙasa a 2023. Wa ya sani ko akwai gwanin gudu a cikin yaran Apo, wanda babu wanda ya taɓa gwada shi? Mu tuna Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun famfalaƙi na wasannin Olamfik a birnin Rum a 1960 ba ko takalmi a ƙafarsa.

Na san akwai masu cewa rufe titi cutarwa ne ga direba da mai talla, kuma suna da gaskiya. Shi ya sa ya kamata a fara da sanyin safiya, a buɗe hanya kafin kasuwa ta ci, a kuma sanar da mutane tun da wuri wace hanya za su bi. Wasu kuma na cewa mai jin yunwa ina ruwansa da gudu? Amsata ita ce, talaka ne ya fi kowa bukatar lafiyarsa, domin in ya kwanta gidansa duka ya kwanta.

Ga shawarata. Na farko, masu shirya irin wannan gudu su riƙa sanarwa a rediyo da Hausa da Gbagyi da Turancin buroka, su ajiye teburin rajista a kasuwa da tasha, su ware gurabe kyauta ga ɗalibai da 'yan koyon sana'a. Na biyu, kada mu jira sai an yi gagarumin taro sau ɗaya a shekara. A birnin Kigali na Ruwanda, tun 2016 ake rufe wasu tituna a wasu ranakun Lahadi domin jama'a su motsa jiki. A Landan kuma, a 2004 wasu 'yan mutane ƙalilan suka fara haɗuwa kowace Asabar suna gudun kilomita 5 kyauta, yau abin ya bazu ƙasashe da dama. Me zai hana matasan Apo da Gudu su yi haka, da izinin masu unguwa? Na uku, mu ɗaliban Hausa muna da namu aikin. Mu ne za mu rubuta sanarwar da wasan kwaikwayon rediyo da za su cire wa dattawa kunyar fitowa, da harshen da zai shiga kunnensu.

Baba bai zo wurin gudun ba. Amma da na dawo na nuna masa lambar da aka rataya mini, ya jujjuya ta a hannu, ya tambaye ni ko da gaske akwai sa'o'insa a wurin. Na ce masa har da waɗanda suka girme shi. Kwana uku bayan haka ya tashe ni da asuba, ya ce in raka shi, amma fa tafiya zai yi, ba gudu ba. Da muka iso wajen mai shayi, Malam ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga wanda nake tare da shi, ya ce, "Barka da asuba, Baba. A dawo lafiya."

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. In an sake shelar gudu a garinku, mai karatu, ka fito, kuma ka jawo wani dattijo na gidanku. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.