Kafin ka kira ta juya, kai ka taɓa zuwa awo?

Yau da maza nake magana, kuma ni ma ina ciki.

Ɗiyar gwaggona ta yi shekara shida a ɗakin miji a wani ƙauye kusa da tabkin Madarunfa, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta sha rubutu, ta sha saiwa da sassaƙe, ta sayar da awakinta biyu ta tafi Maraɗi aka duba ta, aka ce lafiyarta lau. Aka yi mata kishiya, ita ma shiru. Daga ƙarshe ya sake ta. Ta sake aure, yanzu ɗiyanta biyu. Shi kuwa har yau babu wanda ya ce masa: "Malam, je ka likita." Ita aka yi wa waƙa a bakin rijiya, shi ana ba shi tabarma a majalisa.

Wannan zalunci ne, kuma jahilcinmu da jikinmu ne ke ɗaure masa gindi. To bari mu faɗi abin da ake jin kunyar faɗi.

Maraina biyu su ne masana'anta. Aikinsu biyu: suna ƙera ƙwayoyin haihuwa, suna kuma samar da sinadarin da ke fito da gemu ya buɗe murya. Allah ya rataye su a waje ne don suna son sanyi, zafinsu bai kai na cikin jiki ba da kamar digiri 2 zuwa 3. Ƙwaya ɗaya tana ɗaukar wajen kwana 70 kafin ta kammalu. Daga nan ta shiga wani siririn bututu da ke nannaɗe a bayan maraina, wanda in aka warware shi zai kai mita 6, a nan take nuna ta koyi iyo. Sai wani bututun ya hau da ita cikin mara, inda wasu 'yan jakunkuna biyu a bayan mafitsara, da wani ƙullutu mai girman goro a ƙarƙashinta da likitoci ke kira furostat, suke zuba ruwan da zai ɗauke ta.

A nan maganar take. Kusan duk abin da kake gani ruwa ne na jakunkunan nan da furostat. Ƙwayoyin kansu ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba, kuma ido ba ya ganinsu. Ke nan namiji zai iya zama da ƙarfi kamar doki, ya kawo maniyyi yadda ya kamata, alhali babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Ƙarfi daban, haihuwa daban. Duk mai cewa "ni ai na san lafiyata ƙalau" bai san komai ba sai an sa a madubin likita an ƙirga. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa ƙwaya miliyan 16 a kowane mililita a matsayin iyakar ƙasa. Hukumar ta kuma ce a 2023 mutum 1 cikin 6 a duniya yana gamuwa da matsalar haihuwa a rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin gidajen da abin ya shafa, da hannun namiji a ciki. Rabi fa, jama'a!

Haka mai fushi don matarsa tana ta haifo mata. Ƙwan mace iri ɗaya ne kullum. Ƙwayar namiji ce ke zuwa iri biyu, ita ke sa a samu namiji ko mace, da ikon Allah. Wa ya kamata ya yi wa wani fushi?

Yanzu mu dawo gida. Wanene cikinmu bai yi wanka a tabki ko a gulbi ba yana yaro? Wanene bai ga abokinsa yana fitsarin jini ba, manya na dariya wai yaro ya zama namiji? Ba balaga ba ce, tsargiya ce. Tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fata, ta zauna a jijiyoyin jinin mara tana zuba ƙwai. Ƙwan nan ba a mafitsara kaɗai suke tsayawa ba, suna maƙalewa a jakunkunan nan biyu da furostat, su kawo kumburi da jini a maniyyi, har su iya taɓa haihuwa. Maganinta ƙwaya ce, praziquantel, wadda ake rabawa kyauta a lakwal. Amma yaron da ke kiwo, da almajiri, da masunci magidanci, su wa ke bin su da ita?

Ƙara da ciwon sanyi da saurayi ya ɗauko ya ɓoye, ya sayi kafso biyu wajen mai tebur, zafin ya lafa, tabo ya toshe bututu. Ƙara da hangum in ya kama mutum bayan balaga ya sauka maraina. Ƙara da kumburin jijiyoyin maraina, wanda aiki ƙarami ke gyarawa. Da yawa cikin waɗannan suna da magani in an zo da wuri.

Na san abin da za a ce: wannan yaro ba shi da kunya. To ina kunyar take ranar kasuwa, sa'ad da mai maganin maza ke saka lasifika yana zayyano abin da ni ba zan iya rubutawa ba, gaban yara da surukai, kuma dattijai na miƙa jika biyu suna karɓar ƙulli? Batsa ta halatta in za a sayar da gari a leda, ilimi ne ya zama haram? Malamanmu suna karantar da hukuncin maniyyi da maziyyi a babin wanka, a zaure, ba wanda ya tashi. Wasu za su ce haihuwa ta Allah ce. Gaskiya ne. Amma me ya sa in ana neman magani sai a tuna da mace kaɗai, in an zo kan namiji sai a tuna da ƙaddara?

Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace a jihar Maraɗi tana haifar sama da ɗiya 8 a matsakaici. A wuri irin wannan, wadda ba ta haihu ba kullum a tsakiyar kasuwa take. Shi ya sa abin da muke nema ba shi da yawa. In shekara ta cika babu ciki, miji da mata su je likita tare, kuma a fara da shi, don awonsa ya fi sauƙi: ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi, a duba. Hukumomin lafiya su kai rabon maganin tsargiya ga manya da yaran da ba su zuwa lakwal a garuruwan bakin ruwa. Makarantar mazaje, wadda ta faro daga jihar Damagaram, ta daina tsayawa kan cikin mace kaɗai, ta koya wa namiji nasa jikin. Limamai da masu gari su faɗi wannan a fili.

Kai kuma ɗan uwa, kafin ka kai kuɗin wani auren, kafin ka rubuta takardar saki, ka shiga mota zuwa Maraɗi, tafiyar ba ta kai awa guda ba. Ka je ka ji naka sakamakon tukuna.

Allah ya ba masu nema, ya kuma ba mu ikon yin adalci a cikin gidajenmu.