Margarita ta Kastello: Wa Ya Rufe Ƙofa, Wa Ya Buɗe?

Ran 24 ga watan Afrilu na shekarar 2021, Paparoma Faransis ya sanya sunan wata mata ƴar ƙasar Italiya mai suna Margarita cikin jerin waliyyan Cocin Katolika, shekara 701 bayan rasuwarta. Makauniya ce tun daga haihuwa, tana da doro, ƙafarta ɗaya ta gaza ɗaya tsawo, ga ta gajeriya ƙwarai. A duk inda aka ambaci sunanta, kalmar da ke rigan kowace fitowa daga bakin masu yabonta ita ce haƙuri. Babu mai musun cewa ta yi haƙuri. Sai dai yabon haƙurin wanda aka zalunta abu ne mai araha, kuma sau da yawa da wannan yabon ake yi wa azzalumi mayafi. Wanda ya tsaya ga haƙurin Margarita kaɗai ya karanta rabin labarin ne, ya bar rabin da ke da nauyi.

An haife ta wajen shekarar 1287 a Metola, wani gidan sarauta mai ganuwa da ke bisa dutse a tsakiyar Italiya. Ubanta Parisiyo shi ne mai riƙe da wurin, sunan uwarta Emiliya. Ba talauci ya dame su ba, balle a ce sun rasa abin da za su ciyar da ita. Kunya ce ta dame su, irin kunyar manya masu tsoron abin da tsaransu za su faɗa. Marubutan tarihinta sun ce iyayen sun ɓoye ta daga idon baƙi, daga baya suka sa aka gina mata wani ɗan ɗaki jingine da majami'a, aka sa ta ciki tun tana yarinya, aka toshe. Ta taga ake miƙa mata abinci, ta taga take sauraron addu'a. Limamin majami'ar ne ya lura cewa yarinyar da aka jefar tana da kaifin basira, ya riƙa koya mata addini.

Ya kamata mai karatu ya dakata a nan kaɗan. Makanta ba ta gina bango ba, doro bai kwaɓa ƙasa ba. Mutane masu ido biyu da ƙafa biyu ne suka yi shawara, suka kira magina, suka biya su ladansu. Ɗaurin da aka yi wa Margarita aikin hannu ne, kuma an yi shi a gidan da ya fi kowane gida a yankin ikon kula da ita.

Da labari ya bazu cewa ana samun waraka a kabarin wani bawan Allah mai suna Jakomo a garin Citta di Kastello, sai iyayen suka ɗauke ta suka tafi. Aka yi addu'a, aka jira, ido bai buɗe ba, baya bai miƙe ba. Suka sulale suka koma gida, suka bar makauniya a garin da ba ta san kowa ba. Wannan shi ne wurin da ya fi kowane muni a labarin, domin ya tona abin da suka je nema. Ba lafiyar ƴarsu ta kai su ba. Sun je ne a canza masu ita da wata wadda za su iya nunawa a zauren baƙi. Da cinikin bai faɗa ba, suka bar hajar a kasuwa.

Waɗanda suka tsince ta mabarata ne da talakawan gari. Ta yi bara tare da su, daga nan gidajen masu ƙaramin ƙarfi suka riƙa karɓarta, wannan gida ya riƙe ta kwanaki, wancan ya karɓa. Ba doka ta tilasta su ba, ba su kuma da dangantaka da ita ta jini. Sun dai ga mutum, suka matsa suka ba ta wuri a tabarma.

Sai kuma wani abin da masu yabon haƙuri ba su cika son daɗewa a kansa ba. Wani gidan mata masu zaman ibada ya karɓe ta, har aka ce ta sami matsuguni. Amma matan gidan sun riga sun yi sako-sako da ƙa'idojin da suka yi alkawarin bi, ita kuwa ta ɗauki ƙa'idojin da gaske, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Zamanta ya zame masu madubin da ba su son dubawa. Sun shirya su ji tausayinta, amma ba su shirya ta fi su riƙon amana ba, don haka suka sallame ta. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin yadda ake tsangwamar mai zuwa aiki kan lokaci a ofishin da kowa ke latti ya san irin wannan kora. Abin lura shi ne, mace mai haƙuri irin na tabarma, wadda ake takawa ba ta motsi, ba a korarta daga ko'ina. An kori Margarita ne don tana da matsayi, kuma ta ƙi sauka daga kansa.

Bayan haka wasu ma'aurata, Benturino da matarsa Girijiya, suka ba ta ɗaki a gidansu. Ta shiga sahun matan ɗarikar Dominik waɗanda ke sanya baƙin mayafi, suna zaune cikin jama'a maimakon bayan ganuwa. A nan ne aka ga abin da Metola ta yi hasara. An ruwaito cewa ta haddace Zabura, tana koyar da yaran unguwa, tana riƙe su idan iyayensu sun fita neman abinci. Tana dogara sanda ta je gaida marasa lafiya, ta zauna kusa da masu jiran ajali, ta shiga gidan kurkuku wajen fursunoni. Ba abin mamaki ba ne idan ta fi kowa sanin abin da za a faɗa wa wanda aka kulle. Wadda aka ɗauka kaya ce a wuyan mutane sai ga shi ita ke ɗauke wa gari nauyi, kuma abin da hakan ya ci wa masu gidan bai wuce ɗaki ɗaya da kwanon abinci ba.

Ta rasu ran 13 ga watan Afrilu na 1320, tana da shekara 33. Jama'ar gari ne suka dage cewa a cikin majami'a za a binne ta, girmamawar da ba kowa ake yi wa ba. Su sun yanke hukuncinsu tun a ranar. Hukuma ce ta yi nawa, kamar yadda ta saba: sai a 1609 Paparoma Bulus na 5 ya amince a kira ta mai albarka, aka kuma sake jiran shekara 412 kafin mataki na ƙarshe. Da Faransis ya zo ɗaukar matakin, ya bi wata hanya da Cocin ke bi jefi-jefi, wadda ba ta buƙatar a tabbatar da sabuwar karama, ana dogara ne ga daɗewar girmamawar da jama'a ke yi wa mutum. Wato yarinyar da aka yar saboda karama ba ta sauka a kanta ba, an ɗaukaka ta ba tare da an jira wata karama ba.

A Metola, hasumiya ce ta yi saura daga gidan sarautar Parisiyo. Gawar Margarita kuwa tana cikin akwatin gilashi a ƙarƙashin bagade, a majami'ar San Domeniko ta Citta di Kastello.