Kirista, wane ne ladaninka?

Duk wanda ya taɓa kwana a cikin birnin Zariya ya san ba ya bukatar agogo kafin ya gane asuba ta yi. Tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, ladanai kan ɗauka ɗaya bayan ɗaya, jim kaɗan ka ji motsin buta da takun masu tafiya masallaci. Da azahar tela ya tsayar da kekensa, ɗan kasuwa ya rufe hajarsa. Ni Kirista ne, kuma na daɗe ina lura da wannan tsari na maƙwabtanmu Musulmi, ina yi wa kaina tambayar da nake son yi wa 'yan'uwana a yau: mu wa ke kiranmu?

Kukan da ke bakin ma'aikacin Kirista shi ne rashin lokaci. Likita ya kwana a bakin aiki a Shika, malamin jami'a na fama da takardun jarrabawa a Samaru ko Kongo, wani kuma kullum yana kan hanyar Kaduna. Da farkawa hannu ya kai ga waya, da dare a kwanta a gajiye. Ran Lahadi kuwa a cika coci, amma daga sujada sai taron kwamiti, sai gidauniyar gini, sai a koma gida ba a samu ko minti goma na kaɗaita da Ubangiji ba. Bisharar Luka ta ba mu labarin Marta wadda hidimar baƙo ta ɗauke mata hankali, alhali 'yar'uwarta Maryamu na zaune tana sauraron Yesu, kuma Maryamu aka yaba wa. Da yawanmu Marta muke, har a cikin coci.

Tarihin garin nan bai bar mana uzuri ba. A 1905 Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a cikin ganuwar Zariya, yana duba marasa lafiya, yana koyar da yara, yana kuma fassara. A 1929 mishan ta koma Wusasa, inda aka gina cocin Saint Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa tsantsa, kuma a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Daga wannan 'yar al'umma Dakta R.A.B. Dikko ya fito, likitan farko a Arewa, da Janar Yakubu Gowon, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Ba a zaman kashe wando aka raine su ba. Tsarin Angilikan da suka tashi a cikinsa ya ware addu'ar safe da addu'ar yamma, kowace da lokacinta.

Na san wani zai ce addu'ar Kirista ba ta da ƙayyadadden lokaci, Allah Yana ji a mota, Yana ji a ofis. Gaskiya ne, amma abin da aka bar wa kowane lokaci yakan ƙare ba shi da lokaci ko ɗaya. Daniyel babban jami'in gwamnati ne a ƙasar baƙunci, duk da haka sau uku a yini yake durƙusawa. Yesu kansa, kamar yadda Markus ya ruwaito, tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa ya yi addu'a, bayan ya kai dare yana warkar da jama'a.

Lamarin ya wuce natsuwar zuciya kawai. Ma'aikacin da bai tsaya gaban Mahaliccinsa da safe ba, da rana hannunsa ba zai yi nauyin sa hannu a takardar ƙarya ba. Yaron da bai taɓa ganin mahaifinsa ya buɗe Littafi Mai Tsarki a gida ba kuwa, ba wa'azin Lahadi ne zai koya masa ba.

Shawarata mai sauƙi ce. Tun da kiran asuba na shiga kunnenmu ko mun so ko mun ƙi, mu mai da shi alamar tashi, mu ba Allah minti goma sha biyar kafin mu taɓa waya, domin da sanyin safe ake kama fara. Idan abokan aiki suka fita sallar azahar ofis ya yi tsit, mu ma mu rufe fayil mu sunkuyar da kai. Da dare a tara iyali a karanta ko da ayoyi biyar ne. Su kuma fastocinmu su rage yawan taruka, su bar wa mabiyansu maraice ɗaya ko biyu a mako.

Maƙwabcinmu yana da mai kiransa sau biyar a yini. Mu namu kiran sai mun yi wa kanmu. Allah Ya ba mu ikon amsawa, amin.