Kafin a Ƙwace wa Yaro Kwamfuta

Jama'a, a makon jiya wani dattijo maƙwabcina a Maitumbi, nan Minna, ya ƙwace kwamfutar ɗansa, don ya ji abokansa suna kiransa "hacker". A wurin dattijon, wannan suna na 'yan damfara ne. Ban ga laifinsa ba, domin mun sha ganin masu kutse sun yashe asusun bayin Allah.

Amma sunan yana da asali. A littafinsa Hackers na 1984, Steven Levy ya ba da labarin ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka waɗanda, tun ƙarshen shekarun 1950, suke kwana gaban na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba don kuɗi ba, sai don su gane cikinta su rubuta mata umarni. Su ne suka laƙaba wa kansu sunan, watau gwanaye. Magadansu sun kafa ƙungiyar Homebrew a Kalifoniya a 1975, inda Steve Wozniak ya nuna kwamfutar Apple ta farko.

To, ba waliyyai ba ne. A 1976 Bill Gates ya rubuta wasiƙa yana zargin irinsu da kwafar manhajarsa ta BASIC ba biya.

Yaron dai burinsa shiga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983. Na ara masa littafin, na kuma karanta wa mahaifinsa wani sashe da Hausa. Ya saurara, ya ce zai yi shawara. Kwamfutar tana ƙarƙashin gadonsa har yanzu.