Raddi ga Masu Cewa Ƙuri'ar Talaka Ba Ta da Amfani

Duk lokacin da kakar zaɓe ta gabato, akan sami wasu masu ji da kansu da wayewa suna yaɗa wata magana a majalisun hira da kafafen sada zumunta, wai fita rumfar zaɓe ɓata lokaci ne, domin manya sun riga sun gama rabon kujeru a Abuja tun kafin a buga takardar ƙuri'a. Hujjojinsu ba su wuce huɗu ba: mai mulki ba ya faɗuwa, maguɗi ke yanke hukunci, kotu ke naɗa gwamna, kuma 'yan takarar duk kanwar ja ce. Wajibi ne a bi su ɗaya bayan ɗaya, domin kasala ce aka yi wa rawani aka kira ta hikima.

Hujja ta farko, wadda sauran suka jingina da ita, ita ce mafi rauni, kuma abin mamaki ne a ji ta daga bakin wanda ya san tarihin Kano. A shekarar 2003 Malam Ibrahim Shekarau, tsohon malamin makaranta kuma ma'aikacin gwamnati, ya kayar da Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso yana kan kujera, alhali jam'iyyar PDP ta gwamnan ita ke riƙe da gwamnatin tarayya. A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan, wanda sojoji da 'yan sanda da baitulmali ke ƙarƙashin ikonsa, ya sha kaye a hannun Muhammadu Buhari da tazarar ƙuri'a sama da miliyan biyu da rabi, har ya buga masa waya ya taya shi murna kafin a kammala sanar da sakamako. A 2019 gwamnonin Bauchi da Adamawa, Mohammed Abubakar da Jibrilla Bindow, sun faɗi duk da kasancewarsu 'yan jam'iyya mai mulki, shugaban majalisar dattawa Bukola Saraki kuma ya rasa kujerarsa a Kwara. A 2023 Dauda Lawal ya tumɓuke Bello Matawalle a Zamfara, Bola Tinubu kuwa a zaɓen shugaban ƙasa ya rasa Legas, jihar da ya mulka shekara takwas. Shin waɗannan duka su ma manya ne suka zauna suka tsara wa kansu faɗuwa? Wanda ya amsa da e ya fita daga fagen hujja, ya shiga fagen taurin kai.

Batun maguɗi, wato sauya abin da jama'a suka zaɓa ta hanyar sace akwati ko aringizon ƙuri'a, babu mai musanta shi, kuma Kanawa ba su manta da rikicin da ya faru a mazaɓar Gama a zagaye na biyu na zaɓen gwamna na 2019 ba. Sai dai maguɗi ya fi yin tasiri inda tazara ta yi ƙanƙanta, rumfa kuma ta zama fayau. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce kimanin miliyan 25 ba, don haka wanda ya zauna a gida shi ya sauƙaƙa wa ɓarawon akwati aikinsa. Abin da ya sa magabata a wannan fage suka ce a kasa, a tsare, a raka ke nan. Da ƙuri'a ba ta da daraja, da ɗan siyasa bai tura wakilinsa da taliya da sabulu da atamfa bakin layin mata da sassafe ba.

Game da kotu, gaskiya ne Kotun Ƙoli ta ba Matawalle kujera a 2019 saboda APC ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, amma Kotun Ƙolin ce kuma a Janairun 2024 ta mayar wa gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ƙuri'un da ƙananan kotuna suka soke.

Cewa duk ɗaya suke kuwa, maganar wanda bai duba ba ce. Ko da duk miyagu ne, wanda ya san za a iya korarsa bayan shekara huɗu ya fi wanda ya tabbata ba mai fitowa jin tsoron jama'a, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin karɓar katin zaɓe da tsayawa a layi.