Kada mu jira ɗan kokowa ya mutu kafin mu girmama shi



A ƙasar Cek, can Turai, akwai wani ɗan wasan takobi, Alexander Choupenitch, wanda ya ci lambar tagulla a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021. Wasan ba ya da farin jinin ƙwallo, amma lambar nan ta sa ƙasarsa ta san sunansa. Mu ma muna da takobinmu, sai dai namu a filin kokowa ake ɗaukar shi.

An fara gasar kokowar gargajiya ta ƙasa a Tahoua a 1975, zamanin Seyni Kountché, kuma ɗan jihar Maraɗi ne ya ci ta, Yacouba Ango da aka fi sani da Kantou. Yau filin kokowar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, kamar yadda na Dosso ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma Langa Langa. Wannan abin yabo ne. Haka ƙasa ta yi murna da Issaka Daboré, da ya kawo tagulla a dambe daga Munich a 1972, da Abdoul Razak Alfaga, da ya kawo azurfa a takwando daga Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017.

To amma jama'a, a gaskiya mutum nawa ne ke kai wa wannan matsayi? Takobi ɗaya ne a shekara, jihohi takwas ke nemansa. Kafin a samu irin su Issaka Issaka, sai ɗaruruwan samari sun sha kaye a dandalin ƙauye bayan kaka. Daga Kornaka zuwa Sabon Machi da Birnin Lalle akwai su. Wanda ya gurɗe gwiwa ko ya karye, shi da iyayensa ne a gidan maɗori. Ganga ta yi shiru, masu liƙi sun watse. Ga damina ta taho, ba mai riƙe masa hauya.

Wani zai ce ai komin ba ta da kuɗin rijiya da aji ma, bare kokowa. Gaskiya ne, ruwa da karatu su ne gaba. Amma abin da ake nema bai kai kuɗin walimar saukar baƙo ɗaya ba. Duk gasar da aka shirya, a ware wani kaso daga kuɗin ƙofa don jinyar wanda ya ji ciwo. 'Yan kasuwarmu da ke liƙa jikkuna a goshin zakara ranar nasara, su tuna da shi ranar da yake kwance. Tsofaffin 'yan kokowa a ba su aikin horar da yara, da ɗan abin hannu kowane wata. Rediyoyinmu kuma su je su ɗauki muryarsu tun suna iya ba da labari da bakinsu.

Suna a bangon fili ba ya sayen magani. Magadan gari da sarakunanmu, wannan aiki yana hannunku kafin kaka mai zuwa.

Wane tsohon ɗan kokowa ne a garinku aka manta da shi? Ku faɗi sunansa a ji. Allah ya ba mu damina mai albarka.